Babi na Shida: Ƙyalli a Sama, Tsatsa a Ƙasa

Duk ƙarshen watan Nuwamba jiragen ruwa masu filafili kan taru a tashar Las Palmas, a tsibirin Gran Canaria da ke yamma da gaɓar Maroko, su tsallaka Tekun Atlantika a ayari guda. ARC ake kiran ayarin. Jimmy Cornell ne ya kafa shi a 1986, kuma tun 1990 zangonsa na ƙarshe tsibirin Saint Lucia ne a yankin Karebiyan, tafiyar mil 2,700 na teku, wadda jirgin iyali kan yi wajen mako uku kafin ya cinye. Akasarin masu jiragen ba 'yan tsere ba ne. Miji da mata ne da suka ajiye aiki, ko iyali da yaransu, ko abokai da suka haɗa kuɗi. A makonnin da suka rage kafin tashi kowa gyara yake yi, kuma cikin masu sana'ar da ba sa samun sukunin zama akwai mai waldar sitenles, ƙarfen nan mai ƙyalli da ake yi wa kirari da ƙin tsatsa.

Kusan duk abin da ake nema a wurinsa na gurbin tuƙi ne. Gurbin tuƙi shi ne ramin da ke bayan jirgi, mai benci biyu suna fuskantar juna, da sitiyari a kan turkensa daga can ƙarshe. A jirgi mai tsawon mita 12 gurbin bai cika wuce mita biyu da ɗoriya ba, amma a nan ake tuƙi, a nan ake jan igiyoyi, a nan ake cin abinci, a nan kuma mai gadin dare yake zama shi kaɗai har a zo a karɓe shi. Wannan yana son a lanƙwasa masa baka ta bututu a bayan jirgi da zai ɗora farantan sola. Wancan ya sayi sabon allon taswira, yana neman inda zai girke shi gaban sitiyari. Wata ta lura cewa daga ƙofar ɗaki zuwa sitiyari akwai taku biyu da hannu ba ya samun abin kamawa. A ido ƙananan ayyuka ne. Sai dai kowannensu na bukatar a huda jirgi, huda kuwa minti ɗaya take ci, gyaran ɓarnarta ya ci wata.

Mai karatu zai ce, me ya hana a shiga kanti a saya? Ana saye. Kamfanin Edson na New Bedford a Amurka, wanda ya faro tun 1859, yana sayar da turakun sitiyari da bututun kariyar da ke tsaye a gabansu. Lewmar da Harken na sayar da winci, wato gangar ƙarfe da ake naɗe igiya a kai a ja da hannu mai juyawa, akwai kuma masu yin akwatunan da ake saka allunan na'ura a ciki. Matsalar ita ce jirgi ba shi da miƙaƙƙen layi. Daɓensa a gantsare yake don ruwa ya gangare, bangon gurbin a jirkice, bayansa a lanƙwashe. Ko jirage biyu da suka fito daga mazubi ɗaya, bayan shekara ashirin a hannun mutane daban-daban ba za ka same su daidai ba. Kai, a jirgi ɗaya ma, in ka auna daga tsakiya zuwa dama ka kuma auna zuwa hagu, sau da yawa ba za su zo ɗaya ba. Wanda ya auna gefe guda ya ninka biyu zai dawo daga shagon walda da kyakkyawar baka wadda ƙafarta ɗaya ke reto a iska.

Shi ya sa gwanayen aikin ba sa dogara da tef kaɗai. Sukan fara gina abin da kayan banza, bututun roba irin na famfo da guntayen katako da kwali da gam, su kafa shi a inda na gasken zai zauna. Daga nan sai gwaji. A juya hannun winci zagaye cikakke a ga ko yatsu za su bugi bututu. Hannun kansa yakan kai santimita 25, ga kuma dunƙulen mai juyawa. A buɗe murfin kowace ma'ajiya da ke ƙarƙashin benci har ƙarshe. A ciro sandar tuƙi ta ko-ta-kwana, wadda ake sakawa in igiyar sitiyari ta tsinke, a tabbatar tana shiga raminta tana kuma juyawa. Wannan gwajin aka fi mantawa, don sandar kan shekara goma a ƙasan ma'ajiya ba wanda ya taɓa ta, sai ranar da aka bukace ta a tarar an dasa ƙafar tebur a hanyarta. Sannan a tuna jirgin filafili ba a miƙe yake tafiya ba. In iska ta cika ƙyalle yakan karkata digiri 15 ko 20, matuƙi ya koma gefen da ya ɗaga ya zauna a karkace. Allon da ake gani sarai a tasha, mutum na tsaye a bayan sitiyari, daga can gefen ba a ganin komai a kansa sai walƙiyar rana. Igiyar babban filafili kuma, in ta saki yayin juya jirgi, takan share gurbin daga gefe zuwa gefe, duk wani kunne ko ƙugiya da ya fito sai ta cafke shi. In abin na da ƙarfi igiya ta maƙale a mummunan lokaci, in ba shi da ƙarfi ta fizge shi ta jefa teku.

To, ƙarfen kansa. A watan Agustan 1913, a birnin Sheffield na Ingila, Harry Brearley yana neman ƙarfen da cikin bakin bindiga ba zai yi saurin zaizayewa ba, sai ya narka wani haɗi mai kusan kashi 13 cikin ɗari na kuromiyam, ya kuma lura ba ya tsatsa yadda sauran ke yi. Ga dalili. Kuromiyam in ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, yakan haɗu da iskar oksijin ya shimfiɗa wata fata a saman ƙarfen, siririya ƙwarai har ido ba ya ganin ta. In aka karce ta sai ta sake tofowa da kanta, muddin akwai iska a wurin. A riƙe wannan sharaɗin, domin rabin babin nan a kansa ya rataya.

Sitenles iri-iri ne, lamba ce ke raba su. Mai lamba 304, na tukwane da cokula da kwanon wanke-wanke, yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Mai lamba 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi ke ba shi juriyar gishiri. Ruwan teku kuwa kowace lita na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma kuloraid ɗin da ke cikin gishirin ba abin da ya iya kamar huda fatar nan. A kawunan ƙusoshi masu noti za ka ga an buga A2 ko A4: na farko dangin 304 ne, na biyu dangin 316. Masu waldar da ke yi mana makarin baranda da na matakala a Kano ko Kaduna sun san akwai wani mai araha, 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis. A busasshiyar iskar arewa yakan daɗe da ƙyallinsa. Kai shi bakin teku a Legas ka ga yadda zai yi ɗige-ɗigen ja. A kanti duka ukun kamarsu ɗaya, mayen ƙarfe ma ba ya raba gardama, don ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu sosai. Abin da ya rage wa mai saye shi ne tambarin da ke jikin bututu, da takardar masana'anta, da amanar mai sayarwa.

Ko 316 ɗin yana da lagonsa, kuma lagon a ɓoye yake. Ɗauki gindin bututu da aka ɗaure a daɓe. Ruwan gishiri ya ratsa ƙarƙashinsa ya kwanta a wani siririn tsakani inda iska ba ta shiga. Ɗan oksijin da ke cikin ruwan ya ƙare. Fatar ta samu rauni, ba ta da abin da za ta sake tofowa da shi. Ruwan da ke makale ya riƙa tsami yana tara kuloraid, ya shiga cin ƙarfen, yana haƙa ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki. Duk wannan lokacin, saman bututun da rana da iska ke bugu yana nan fes, mai jirgi na goge shi da tsumma yana jin daɗi. Ƙusar da ta ratsa daɓe tana iya cinyewa a tsakiya har saura zare, kanta da notinta kuwa sabbi fil. Haka ke faruwa da farantan da ke riƙe wayoyin jigon filafili, daidai inda suka nutse cikin daɓe, kuma jigo da yawa ya faɗi ta wannan hanya ba tare da ya yi sallama ba. Haka ma wayar shingen da ke zagaye jirgi. A da ana sayar da ita lulluɓe da farar roba don kyau da laushin hannu, ruwa ya shiga ta bakin robar ya kwanta, waya ta ruɓe a ciki. Yanzu ƙa'idojin hukumar World Sailing na tseren nesa da gaɓa sun hana wayar shinge mai rufin roba. Tsirara ake son ta, inda iska za ta same ta, ido kuma ya gan ta.

Saboda haka jan zane da ke gangarowa daga ƙarƙashin gindin ƙarfe ba datti ba ne da za a wanke a manta. Saƙo ne daga ƙasa.

A shago, sitenles na da halin da ke ba sabon hannu haushi: yana taurara in an dame shi. Wanda ya saba da baƙin ƙarfe zai sa injin huda a guje ya danna a hankali. Bakin hudar ya riƙa shafar wurin ba ya yanka, wurin ya yi zafi ya taurare, daga nan ko sabon baki aka kawo sai dai ya ƙone. Akasin haka ake yi: juyi a hankali, danni mai nauyi, baki mai kaifi wanda aka haɗa da kobalt, da mai ana ɗigawa. In ka ga tarkacen na fitowa a murɗe dogo-dogo, aiki na tafiya. Lanƙwasa bututu ma sai da injin da ke tallafe shi daga ciki, in ba haka ba ya lotse a gwiwa, kuma bututun da ya lotse ya riga ya rasa ƙarfinsa a wurin da aka fi bukata.

Walda ita ce inda ake gane gwani. Ta TIG ake yi, mai tsinken tungistan da iskar argon da ke lulluɓe narkakken ƙarfe daga iskar waje. Mai tsantseni yakan cika cikin bututun ma da argon, don in an kare waje an bar ciki, bayan ɗinkin yakan ƙone ya yi ɓarɓashi baƙi, tsatsa ta fara daga can inda ba mai gani. Akwai kuma wata illa ta zafi. Tsakanin digiri 450 zuwa 850 ko kusa da haka, kabon da ke cikin ƙarfen yakan kama kuromiyam ya riƙe, sai gefen waldar ya rasa abin yin fata. Maganin wannan shi ne 316L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, alhali 316 na gama-gari yana iya kaiwa 0.08. Bambancin kamar ba komai ba, amma shi ke sa wata baka ta shekara ashirin lafiya, wata kuma ta fara zubar da ja a kowace gaɓa kafin ta zagayo shekara.

Launukan nan masu kyau da walda ke bari, ruwan zuma da shuɗi da algashi, alamar wurin ya raunana ne. Dole a cire su, ko da man asid mai haɗin naitirik da haidurofulorik, wanda ke da haɗari ƙwarai ga fata da ƙashi, ko da burushin lantarki, sannan a goge har ya zama madubi. Ƙyallin da ake biyan kuɗi mai yawa a kansa ba ado ne zalla ba: sumul ɗin wuri ba ya ba gishiri maƙale. Shagon kirki kuma ba ya haɗa faifan gurza ko burushin waya tsakanin baƙin ƙarfe da sitenles. Ƙurar baƙin ƙarfe in ta nutse a jikin sitenles ita ce za ta yi tsatsa, ta kuma buɗe wa gishiri ƙofa. In ka shiga shago ka ga ana yanka ƙofar baƙin ƙarfe tartsatsi na zuba a kan bututunka, ɗauki kayanka ka yi gaba.

An kawo kaya, sun zauna daram. Saura huda, kuma a ganina nan ne ainihin aikin, ko da yake nan aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Daɓen yawancin jiragen faiba hawa uku ne: fatar faiba a sama, wata a ƙasa, a tsakani katakon balsa mara nauyi ko soso mai tauri. Wannan gini na ba da ƙarfi ba tare da nauyi ba, amma sharaɗinsa cikin ya zauna a bushe. Huda kai-tsaye ka zura ƙusa, ka buɗe wa ruwa hanya zuwa balsa. Ka ɗaure noti da ƙarfi, fatun biyu su matse cikin ya lotse, ƙusa ta yi sako-sako, ruwa ya ƙara samun hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan 'yan shekaru balsa ta ruɓe ta zama laka, daɓe ya riƙa lotsawa ƙarƙashin ƙafa taku guda daga inda aka yi hudar, gyaran kuwa sai an yanke fata an kwashe ruɓaɓɓen an sake gini.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya, lokaci kawai take ci. In ƙusar mai milimita 6 ce, a huda rami mafi faɗi, a sa lanƙwasasshiyar ƙusa a bakin inji a ƙwaƙule balsa daga tsakanin fatun zagaye da ramin, a zuƙe ƙurar, a liƙe ƙasa da tef, a cika da gam ɗin ifoksi mai kauri. Washegari ya daskare ya zama dutse, sai a sake huda daidai girman ƙusa ta tsakiyarsa. Yanzu ƙusar na ratsa zoben ifoksi ne, wanda ba ya shan ruwa ba ya kuma lotsewa. A ɗan fafe bakin ramin daga sama ya yi kwarin da abin toshe ruwa zai taru ya rungume wuyan ƙusa. Wannan ɗan fafewar, aikin daƙiƙa biyar, ya fi rabin kwalbar gam amfani.

Daga ƙasa sai faranti. Lissafin a bayyane yake. Turken shinge tsayinsa santimita 60 ne. A ce tazarar ƙusoshin gindinsa santimita 6. Mutum mai kilo 80 ya jingina nauyinsa duka a kan turken, ƙusoshin baya za su ji jan da ya kai kilo 800, ninki goma. Wannan jingina ce kawai. Wanda igiyar ruwa ta wurgo ya fi haka nesa ba kusa ba. Bututun kariyar sitiyari kuwa ya haura mita, kuma shi kowa ke cafka in jirgi ya tuntsura. Ƙaramin washa ba zai tare irin wannan ja ba, sai dai ya ratso faiba ya fito. Farantin ƙasa, na sitenles ko alminiyam ko faiba mai tauri da ake kira G10, shi ke raba nauyin a fili mai faɗi. A zagaye kusurwoyinsa, a kuma shimfiɗa masa ifoksi mai kauri ya kwanta, don ƙasan daɓe ba sumul yake ba, farantin da ya taɓa a wuri uku kaɗai bai raba komai ba.

Kan abin toshe ruwa masu jirage sun kasu, kuma ni ina ɓangaren tef ɗin butil, wata roba mai danƙo da ba ta bushewa, tana miƙewa tana dawowa duk yadda ƙarfe ya motsa. Masu Sikaflex 291 ma suna da hujjarsu. Wanda ba na goyon baya a nan shi ne 3M 5200, ba don ba shi da kyau ba, sai don ya yi kyau da yawa: an yi shi don abin da ba za a sake rabawa ba, alhali duk ƙarfen da ke kan daɓe wata rana za a cire shi a duba ƙasansa. Wanda ya liƙa da shi zai ɓamɓaro ƙarfen tare da fatar jirgi. Silikon kuma yakan bar maiƙon da ba abin da zai sake kamawa a wurin. Wajen ɗaurewa mutum biyu ake bukata, na sama ya riƙe kan ƙusa kada ta juya, na ƙasa ya juya noti da sifana. In ƙusar ta juya, ta murje abin toshewar da aka sha wahalar sakawa. A kuma juya a hankali, da ɗan man lanolin ko Tef-Gel a zaren, don sitenles in ya gogi sitenles da sauri yakan yi zafi ya manne, noti ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai zarto.

Turakun sitiyari da yawa na alminiyam ne, jigon filafili ma haka, kuma a jikinsu ake ɗaura maƙalan na'urori da ƙusoshin sitenles. Ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu a ruwan gishiri batir suka zama, ɗaya ya riƙa cinyewa. Sojojin ruwan Ingila sun ga haka tun 1763, lokacin da suka duba jirgin yaƙi HMS Alarm, wanda aka lulluɓe ƙasansa da jan ƙarfe a 1761. Ƙusoshin baƙin ƙarfe da suka taɓa jan ƙarfen sun narke, amma inda takardar da aka naɗo farantan da ita ta maƙale a tsakani, ƙusoshin na nan lafiya. Abin da takardar nan ta yi bisa tsautsayi shi ake yi yau da gangan, da washan roba da man Duralac ko Tef-Gel. In an bari, alminiyam ne ke biyan bashin: farin gari ya taru a ramin ƙusa, fenti ya kumbura, ƙusa ta kafe har abada.

A kan turken sitiyari, daidai inda kowa ke son ɗora allonsa, akwai wanda ya riga kowa zama, wato kamfas. Shi kaɗai ne cikin kayan nuna hanya ba ya bukatar batir, kuma shi ya fi saurin ruɗewa. Tun farkon ƙarni na 19 Matthew Flinders, yana zagaya Ostireliya, ya gano ƙarfen jikin jirgi na karkatar da allura, har yau sandar da ake gyara wannan da ita sunansa take ɗauke da shi. Sitenles 316 ba ya jan allura a yadda ya fito daga masana'anta, amma inda aka lanƙwasa shi ko aka yi masa walda yakan ɗan ja. Lasifika da makirufon rediyo da murfin kwamfutar hannu duk da mayen ƙarfe a cikinsu. Wayar da lantarki ke bi ita ma tana ja, shi ya sa ake murɗe wayoyin biyu tare su kashe jan juna. Kowace na'urar kirki, ta Raymarine ce ko Garmin ko B&G, littafinta na faɗin tazarar da za a bari tsakaninta da kamfas. Gwajin kuwa kyauta ne: jirgi na ɗaure, a kawo na'urar inda za ta zauna, a kashe da a kunne, ana kallon allura, sannan a juya jirgin wata fuska a sake. Kuskuren digiri ɗaya mil ɗaya ne a kowane mil 60. Digiri 5 a tafiyar yini mai mil 120 ya kai mutum mil 10 daga inda yake zato.

Wayoyi ta cikin bututu suke bi, don haka tun a shago za a huda musu mashiga da mafita, a goge bakin, a sa zoben roba, a kuma bar zaren ja a ciki don na'urar da za a saya baɗi. Girman ramin ba kaurin waya ake dubawa ba, kaurin kan filogi ne, kuma na NMEA 2000, tsarin da na'urorin yanzu ke magana da juna da shi, ya fi wayarsa kauri sosai. A bar ƙaramin rami a can ƙasan bututu ruwa ya fita. Waya ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau ta shiga na'ura, ɗigo ya zube a gwiwar. Na'urar rada a ɗaga ta sama da kawunan mutane, eriyar GPS kuma kada ta tsaya a tsayi ɗaya da ita.

Ra'ayina kan manyan allunan da ake jerawa gaban sitiyari ba zai yi wa masu sayar da su daɗi ba. Akwatin da ya kai ƙirjin matuƙi yana tare masa goshin jirgi, da dare haskensa na kashe ido, sannan a doguwar tafiya na'urar tuƙi ce ke riƙe da sitiyari akasarin lokaci, mai gadi yana can gaba a ƙarƙashin rumfa inda ba ya ganin allon ko kaɗan. Ƙaramin allo mai juyawa, ko ƙananan agoguna na iska da zurfi a saman ƙofar ɗaki inda kowa ke gani, sun fi amfani. Duk inda aka sa shi, a gwada da tabarau mai tace ƙyallin ruwa, don wasu alluna na yin baƙi ƙirin in aka kalle su da shi a karkace. Kuma duk abin da ya yi kama da mariƙi, wata rana wani zai riƙe shi da nauyinsa duka. Ko dai a gina shi ya ɗauka, ko a sa mariƙi na gaske a kusa da hannu zai fara samu.

Mafi ƙanƙanta cikin kayan gurbin shi ne zoben da ake maƙala igiyar ɗamarar tsira. A tseren Fastnet na watan Agustan 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan, matuƙa 15 suka rasu, wasunsu teku ce ta share su bayan ɗamarar ko abin da suka maƙala ta ya gaza. Ƙa'idojin da ake bi yanzu na son mutum ya iya maƙala kansa tun yana cikin ɗaki kafin ya fito, kada kuma ya kwance sai ya koma ciki. Ke nan zobe ɗaya a bakin ƙofa, wani kusa da sitiyari, a ƙasa-ƙasa yadda igiya ba za ta bar mutum ya kai gefen jirgi ba. Wanda aka ƙera da ƙarfe guda ya fi wanda aka haɗa da walda, kuma ba a taɓa kafa shi da sukuru, sai ƙusa mai ratsawa da faranti a ƙasa.

Ita kuwa babbar bakar baya, a yi lissafin nauyinta tun tana kan takarda. Bututu mai faɗin milimita 25 da kaurin 1.5 kusan giram 900 ne kowace mita. Mai 38 da kaurin 2 ya ninka haka. Ƙara farantan sola, da injin iska, da kwalekwalen roba da ake ratayawa, sai ga nauyin mutum biyu a can ƙarshen jirgi, kuma a sama, inda ya fi sa shi tsalle da tangaɗi a igiyar ruwa. Ƙafafu huɗu masu faɗin gindi da sandar karkace guda sun fi kaurin bututu hana girgiza.

In an gama ɗaure komai, butil kan ci gaba da fitowa kwana biyu ko uku, don haka a dawo a ƙara matse notoci kaɗan-kaɗan, a yanke abin da ya tsattsafo. Sannan mutum ɗaya ya tsaya a sama da tiyo yana zuba ruwa a gindin kowane ƙarfe, ɗayan ya shiga ma'ajiya da tocila da busasshiyar takarda yana taɓa kowane noti. In takarda ta jiƙe, ba a shafa gam daga waje. A kwance, a goge, a sake shimfiɗawa.